Tsohon Babur a Zauren Alhaji Gali

Shekara ɗaya da rabi ke nan rabon Alhaji Gali da riƙe sufana. Tun ranar da hawan jini ya kayar da shi a garejinsa da ke hanyar Misau, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, maganarsa kuma ta koma fita a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da duk Azare ta sani da gyaran babur shekara arba'in, yanzu iyakarsa zaure, a kan kujerar roba, da sanda jingine a gefe.

'Yarsa Suwaiba ce ke kula da shi. Ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta kafa injin markaɗe a tsakar gida, da shi take riƙe kanta da mahaifin nata. Ita ke ba shi magani, ita ke matsa masa hannun da ya mutu da man zafi safe da yamma. Ba ya mata gardama, amma ba ya hira. Wani lokaci sai ya yini bai ce komai ba in ban da amsa sallama.

Wata ranar kasuwa da hantsi, akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Direba da wani fasinja suka sauko da wani tsohon babur, jan fentinsa ya koɗe ya koma kalar ƙasa, kashin kaji duk ya bushe a kan sirdin. Bayansu wani dogon tsoho ya sauko yana ɗingishi, da malfa rataye a wuya.

"Salamu alaikum. Babarbaren nan yana da rai kuwa?"

Alhaji Gali ya ɗago kai. Gidaɗo ne, Bafillacen da ke zaune da shanunsa da gonarsa a wani ƙauye bayan Gadau, abokin wasansa tun suna samari.

"Yana nan," in ji Alhaji Gali a hankali. "Gawar wa ka kawo mini?"

"Ka fi ni saninta."

Ya kuwa san ta. Gidaɗo ya sayi babur ɗin ne a hannun wani malamin gona a garin Katagum, tun ba a yi kwaltar da ake bi yanzu ba, kuma duk tsawon shekarun nan babu hannun da ya taɓa buɗe injinsa sai na Gali.

Suwaiba ta kawo ruwa da tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi. "Sannu da zuwa, Baffa. Ya Goggo Kaltum?"

"To, ita ce ma ta kawo ni," in ji Gidaɗo.

Ya kurɓi ruwan, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Shekara huɗu da suka wuce ɗansa da ke aiki a Bauchi ya saya masa sabon babur, ya ce a ajiye tsohon. Aka tura shi rumfar kaji. Sabon kuwa bai karɓe shi ba. Ba shi da nauyi, giyarsa ba irin wadda ƙafarsa ta saba da ita ba ce, da ka taɓa totur sai ya zabura. A cikin yashin Itas ya kayar da shi, gwiwarsa ta goce, tun daga ranar bai sake hawa ba. Yanzu ga shi an ce matarsa Kaltum tana da ciwon suga, likita ya ce duk sati biyu ta zo asibiti a Azare. Sau ɗaya aka ɗora ta a bayan ɗan acaɓa, ta dawo ta rantse ba ta ƙara hawa bayan yaran nan masu gudu. Mota kuma ba ta shiga ƙauyensu sai ranar kasuwa, ranar kasuwa kuma ba ranar likitanta ba ce. Zuwa biyu ke nan ta tsallake.

"Ta ce in dai wancan ne," Gidaɗo ya nuna babur ɗin da haɓa, "kuma ni ke tuƙi, za ta hau. Na kai shi wurin makanikai uku. Kowa ya buga kik sau biyar sai ya ce in kai wa 'yan gwangwan."

Alhaji Gali ya daɗe yana kallon babur ɗin. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama da na hagu, ya ɗora shi a cinya inda Gidaɗo zai gani.

"Ka makara, Gidaɗo. Ga abin da ya saura."

 Gidaɗo ya sunkuyar da kai, yana juya malfarsa. Suwaiba, wadda ta tsaya a bakin ƙofar shiga gida, ta ce, "Baba, in ka gaya mini abin da zan yi, ai sai in yi."

"Ke?"

"Wa ke wanke kafiretar injin markaɗe in ta toshe? Kuma tun ina firamare nake miƙa maka sufana."

 Ta shiga ta jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ta ɗaure hijabinta ta baya, ta ce wa Gidaɗo ya taya ta shigo da babur ɗin cikin zaure.

"Fulogi," in ji Alhaji Gali daga ƙarshe, ba tare da ya dube ta ba. "Daga nan ake farawa."

Ta kwance fulogin. Sabo ne, ɗaya daga cikin makanikan can ya sa. Alhaji Gali ya ce ta mayar da shi a bakin wayar wuta, ta jingina shi da jikin inji, Gidaɗo ya buga kik. Wata 'yar wuta ja ta ƙyafta ta ɓace.

"Ja ce ko shuɗiya?"

"Ja, Baba. Da ƙyar ma ake ganinta."

"Buɗe murfin hagu. Kwantak ya yi tsatsa."

Ya nuna mata wasu ƙananan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa in inji ya juya. Ta yanki 'yar takardar gugar ƙarfe ta zura a tsakaninsu, ta goge a hankali, ta bi da tsumma mai tsabta. Da ta tambayi yadda za ta gane faɗin da za ta bari, sai ya ce ta yago murfin kwalin ashana, in ya shiga daidai ba matsi ba sako-sako, to shi ke nan. Gidaɗo ya sake buga kik. Wannan karon wutar ta fito shuɗiya, har ana jin ƙararta, tas-tas.

"Yauwa," in ji Alhaji Gali. Ya ɗan gyara zama.

Amma babur bai tashi ba. Gidaɗo ya buga har sai da gwiwarsa ta hana shi, Suwaiba ta karɓa ta buga sau goma. Ko tari bai yi ba.

"Wuta ta samu. Saura mai. Ciro kafiretar."

Ƙusoshin sun kama. Ta ɗiga musu baƙin mai, ta jira, ta sake gwadawa. Ɗaya ta kwance, ɗayar ta ƙi, sukundireba na zamewa tana cin kanta. Alhaji Gali ya ce ta danna da ƙarfi kafin ta murɗa. Ta danna, sukundirebar ta sake zamewa. Ya ce ba haka ba, ya miƙa hannun hagu ya karɓa, ya jawo kujerarsa kusa. Hannun na rawa, bakin sukundirebar ya kasa ko shiga ramin. Ya gwada sau uku. A na huɗu ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Ya juya fuskarsa wajen bango. Gidaɗo ya tashi ya fita, wai zai duba ko akori-kurar ta tafi, alhali ta daɗe da tafiya. Suwaiba ta ɗauki sukundirebar, ta kafa ta a kan ƙusar, ta ce, "Baba, riƙe mini ita haka da hannunka, ni in buga da guduma." Ya riƙe, ta ɗora nata hannun a kan nasa, ta buga sau biyu. Ƙusar ta saki.

Da ta buɗe kofin da ke ƙasan kafiretar, wani wari ya cika zauren. Fetur ɗin shekara huɗu ya daskare ya zama danƙo, kore-kore, kamar tsohuwar zuma. Ta zuba sabon fetur a wani tsohon kwanon sha, ta jiƙa kayan a ciki, tana jera duk abin da ta ciro a kan faranti bi da bi yadda ya ce, don kada ta ruɗe wurin mayarwa. Ya sa ta ciro jet guda biyu, 'yan ƙananan ƙusoshin tagulla masu rami a tsakiya inda mai ke bi.

"Ɗaga ƙaramin ki duba rana ta cikinsa."

"Ba na ganin komai."

"Shi ne. Da shi babur ke tashi, da shi yake tsayawa a sulo. Kada ki sa allura, za ki faɗaɗa ramin. Nemo tsohuwar wayar wuta, ki zaro siririn zare ɗaya."

Ta ɗauki kusan rabin sa'a tana murza zaren tagullar a ramin, tana hurawa, tana sake jiƙawa. Mata biyu suka zo markaɗe, ta ce su ajiye robobinsu su dawo bayan azahar. Can sai ta ɗaga jet ɗin, ta ga ɗigon haske kamar kan tsinke.

Saura fulot, wato 'yar kwalbar tagulla da ke iyo a cikin kofin, wadda ke rufe hanyar mai in ya cika. Alhaji Gali ya ce ta kawo kusa da kunnensa ta girgiza. Ya saurara, ya ce akwai mai a ciki, ta huje. Suwaiba ba ta ga huji ba. Ya sa ta ɗebo ruwan zafi a kofi ta nutsar da ita, sai ga kumfa na fita daga wani wuri a jikin ɗinkin. Ta yi wa wurin alama da gawayi. Bayan la'asar Gidaɗo ya ɗingisa ya kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi, aka zubar da man, aka ɗiga dalma a wurin.

Kafin magariba an mayar da komai. An wanke tankin, an cika shi da sabon mai. Alhaji Gali ya ce a buɗe makunnin mai, a ja cok, kada a taɓa totur. Gidaɗo ya yi bisimilla ya buga. Shiru. Ya sake bugawa, injin ya yi tari. A na uku ya kama, da wata ƙara mai kauri da ta girgiza kwanon zauren, hayaƙi ya turnuƙe, kajin maƙwabta suka watse.

Gidaɗo ya riƙa faɗin wani abu da Fillanci yana dukan tankin da tafin hannu. Alhaji Gali ya rufe ido yana sauraro, ya ce Suwaiba ta murɗa ƙusar sulo kaɗan, ta ƙara kaɗan, ta tsaya nan. Ƙarar ta daidaita. A ranar ya cinye tuwonsa duka.

Gidaɗo ya kwana a zauren. Da gari ya waye ya hau don ya gwada, ya ce zai kai kwanar Gadau ya dawo. Sa'a ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama, sannan ya dawo a kan babur ɗin, jiƙe da gumi, fuskarsa babu walwala.

"Sau uku yana mutuwa," ya ce. "Yana tafiya lafiya lau, sai ya fara shaƙewa, sai ya mutu. In buga, in buga, ya ƙi. In buɗe tanki in ga ko mai ya ƙare, ga mai nan fal. In ɗan huta, in buga, ya tashi. Can gaba kuma ya sake."

"Koyil ne," in ji Alhaji Gali nan take, yana nufin na'urar da ke ba fulogi wuta. "In ya yi zafi sai wuta ta ɗauke, in ya huce ta dawo. Na ga irinsa ya fi ɗari."

"Ana samu?"

"Irin wannan? Sai dai Kano. Ko can ma sai an yi sa'a."

Gidaɗo ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Jibi ne ranar likitan Kaltum.

Suwaiba ta ce, "Baffa, duk sau ukun ka buɗe tankin?"

"Duk sau ukun."

"Kuma sai bayan ka buɗe yake tashi?"

"Haka ne, ina jin."

Ta juya wajen mahaifinta. "Baba, anya ba mai ne ke yankewa ba? Ya ce shaƙewa yake yi kafin ya mutu. Na ɗauka in wuta ce farat ɗaya za ta ɗauke."

"Kwana ɗaya kika yi da sufana," ya ce. Maganar ta fito da ƙyar, amma ta fito da zafi. "Na ce koyil ne."

Ta koma cikin gida ta tayar da injin markaɗe. Ta gama robobin da ke jira, ta wanke hannu, ta kawo masa maganinsa na hantsi. Ya karɓa bai dube ta ba. Ta durƙusa a gefen kujerar.

"Baba, ba musu nake yi da kai ba. Kai ka ce mini jiya kada a sayi komai sai an ga abin da ido. Bari Baffa ya zagaya filin nan na gabanmu har ya mutu, mu duba wutar tun yana da zafi. In babu, shi ke nan, sai a aika Kano."

 Daga baya ya ce a fitar masa da kujerarsa ƙofar gida.

Gidaɗo ya hau, ya shiga zagaya filin ƙwallon unguwa, tsoho da malfa yana ta kewayawa shi kaɗai, masu wucewa na tsayawa kallo. A zagaye na goma sha wani abu injin ya fara shaƙewa, ya ja kansa har kusa da ƙofar gidan, ya mutu.

"Kada ka taɓa komai, Baffa!"

Ta naɗe hannu da tsumma ta kwance fulogin, yana ƙuna, ta jingina shi da inji a inda mahaifinta zai gani. Gidaɗo ya buga kik. Wuta shuɗiya, tas-tas, kamar ta jiya.

Alhaji Gali ya ƙura wa wutar ido. Ya ce a sake bugawa. Aka sake.

"Kwance ƙusar ƙasan kofin," ya ce, muryarsa ta sauka.

Ta kwance. Ɗigo biyu ya fito, shi ke nan. Kofin a bushe yake, tanki kuma cike da mai. Ta zare tiyon da ke kawo man, shi ma sai ɗiga yake yi da ƙyar.

"Yanzu buɗe murfin tankin," in ji shi. "A hankali. Kowa ya yi shiru."

Ta murɗa murfin. Duk su ukun suka ji shi, wani ɗan huci, fuuu, iska na shiga. Nan take mai ya tsinke daga tiyon ya jiƙa mata ƙafa.

Ta juya murfin ta duba cikinsa. An yanko robar tsohon tub an cusa a ciki daidai da faɗinsa, ta rufe ɗan ramin da iska ke bi ta shiga tanki in mai yana sauka.

"Wa ya sa wannan?" in ji Alhaji Gali.

Gidaɗo ya karɓi murfin, ya juya shi, ya cire malfarsa ya sosa kai. "La ilaha illallahu. Ni ne. Ranar da zan ajiye shi. Rumfar tana yoyo, na ce kada ruwan sama ya shiga tankin ya yi tsatsa."

Alhaji Gali ya dube shi, ya dubi robar. Kafaɗarsa ta fara motsi. Suwaiba ta tsorata, ta ɗauka wani abu ne ya same shi, sai ta ga dariya ce, da rabin baki, har hawaye na zuba.

"Bafillace," ya ce, da ya samu numfashi. "Ka toshe masa hanci, kana tambayar me ya hana shi gudu."

"Ai don in kare shi na yi."

"Ka kare shi kuwa. Tankin ko ɗigon tsatsa babu." Ya share ido da hannun riga, ya juya wajen 'yarsa. "Da an bi tawa, da yanzu mutum yana hanyar Kano a banza. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Ta ɓamɓare robar, ta bi ramin da zaren tagulla, ta mayar da komai. Gidaɗo ya tafi har kwanar Gadau ya dawo, ya sake komawa ya dawo, babur bai ko yi tari ba.

Kafin ya kama hanyar gida, Alhaji Gali ya gaya masa gaskiya. Cikin kafiretar ya cinye, dalmar da aka ɗiga ba ta har abada ba ce, shekara ɗaya ko biyu zai iya yi in ana lallaɓa shi. Ya riƙa rufe makunnin mai duk lokacin da ya tsaya, kada ya sayi man kwalba da bai yarda da shi ba, kada kuma ya bar shi sati guda bai tayar ba.

"Shekara biyu tana da yawa a wurin irinmu," in ji Gidaɗo.

Ranar likita, bayan azahar, Suwaiba ta ji ƙarar tun daga kan kwana. Ta leƙo ta ga Gidaɗo yana tafe a hankali kamar mai raka amarya, Goggo Kaltum a baya, zaune a karkace, hannu ɗaya riƙe da rigarsa, ɗaya riƙe da ledar magunguna. Da ƙyar aka sauko da ita. Ta gaida Alhaji Gali, ta yi masa ya jiki, ta ce likita ya yi mata faɗa kan zuwa biyun da ta tsallake, ya kuma hana ta fura da suga, abin da ba ta ga alamar za ta iya ba.

A tsakar gida ta kwance wata 'yar ƙwarya daga zanenta ta miƙa wa Suwaiba, man shanu ne sabon kaɗi. Ta kama hannuwan Suwaiba biyu ta juya su, tana duban baƙin man da ya maƙale a ƙarƙashin farce.

"An ce ke kika yi."

"Ni da Baba ne, Goggo."

"To, sannunku. Amma sirdin nan ya mutu, 'yar nan. Tun daga Gadau ƙarfe nake ji." Ta dafa ƙugu. "Ba ki da wani tsohon matashi da ba kya so?"

Suwaiba ta shiga ɗaki ta duba.